Darasi Na Bakwai: Cajin Batirin Mota da Cajar Soket

Duk wanda ya daɗe da mota, ko babur, ko Keke Napep, ya san safiyar da za a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe, inji ya ƙi tashi. Abin da aka saba yi shi ne a kira samarin unguwa su tura, ko a ari batirin maƙwabci a tayar, sannan a ce ai da an zaga gari zai cika da kansa. Wani lokaci a dace. Sai dai alteneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan inji yana aiki, an yi ta ne don ta mayar da ɗan abin da aka ci wajen tayar da mota, ta kuma riƙe fitilu da sauran kayan wuta. Batirin da ya sauka ƙasa sosai, zirga-zirgar minti goma sha biyar daga gida zuwa kasuwa ba za ta cika shi ba. Haka zai yi ta zama rabi da rabi har ya mutu ba lokacinsa ba. Abin da yake buƙata shi ne caja irin wadda ake sawa a soket, da sa'o'i masu yawa.

Aikin ba shi da wuya, mace ko namiji kowa zai iya yi a gida. Amma akwai abubuwa uku a wurin da ba su san wasa ba: wutar soket, asid, da wata iska da batir ke fitarwa wadda ido ba ya gani. Wanda ya fahimci inda kowannensu ke fitowa ba sai an sa shi haddar dokoki ba, don haka daga cikin akwatin za mu fara.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin mota mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1 idan ya cika. Shi ya sa lafiyayyen batir cikakke yake nuna 12.6 a mitar gwaji, ba 12 cif ba. Idan mita ta nuna 12.2, batirin ya kai rabi. Idan ta nuna 12.0 ko ƙasa da haka, ya kusa ƙarewa ko ya ƙare. A cikin kowane ɗaki akwai fallayen dalma a tsome cikin ruwan batir, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne mai ƙarfi, sauran kuma ruwa ne zalla. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro wannan tsari a 1859, tun ba a ƙera motar fetur ba, kuma har yau shi ne ke tayar da mafi yawan motocin duniya.

Idan ana cin wutar batir, asid ɗin yana barin ruwa ya manne a jikin fallayen, ya zama wani farin gishiri. Caji shi ne yake korar gishirin nan ya mayar da asid cikin ruwa. Idan aka yi caji da wuri, gishirin yana narkewa ba gardama. Idan kuwa aka bar batir a sauke makonni, gishirin sai ya sandare, kuma wanda ya sandare ba ya komawa. Wannan ne ke kashe batirin motar da aka ajiye aka tafi aikin Hajji, ko ta yi wata biyu a gareji ana jiran kayan gyara. Mai irin wannan tafiya ya cika batirinsa kafin ya tashi, ya cire kan da ke da alamar ɗebewa.

A nan ne ma ake gane kuskuren wata al'ada ta gareji, ta zubar da ruwan tsohon batir a ɗura masa sabon asid wai don ya farfaɗo. Asid ɗinsa ai bai je ko'ina ba, yana nan daskare a jikin fallaye. Ƙara wani a kai zai iya sa mita ta nuna ƙarfi na kwana biyu, amma cinye fallayen yake yi.

Sai iskar. Idan batir ya kusa cika, musamman idan ƙarfin caji ya haura bolt 14.4, wutar da ta yi rara takan koma tana raba ruwan gida biyu, haidirojin da iskar oksijin. Su ne ƙananan kumfan da ake gani suna tasowa, har a ce batir yana tafasa. Haidirojin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma babu iskar da ta kai shi rashin nauyi, saboda haka sama yake yi ya taru a ƙarƙashin rufi ko cikin bonet. Da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, ɗan tartsatsi guda ya isa ya kama. Idan wutar ta bi ta shiga cikin batir, akwatin yakan fashe, ɓaraguzan roba da asid su watsu. Abin da ya sa raunin yake muni shi ne, a daidai lokacin mutum yana sunkuye a kan batirin, fuskarsa ce a gaba.

Kafin a ɗauko caja

A fara da duba batirin kansa. Idan akwatin ya tsage, ko cikinsa ya kumbura, ko yana yoyo, maganar caji ta ƙare, sai sabo. Idan mai murafu ne a sama, a buɗe a leƙa kowane ɗaki da tocila, ba da ashana ko laita ba. Ruwa ya rufe fallayen dalma. Inda ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwa, irin wanda masu kayan mota ke sayarwa a kwalba, daidai yadda zai rufe fallayen kawai, domin ruwan yana ƙara tasowa idan batir ya ɗauki caji, kuma wanda aka cika maƙil zai yi ambaliya. Ruwan rijiya, da na burtsatse, da na famfo, da na leda duk suna ɗauke da gishiri da ƙarfe da ke lalata fallaye sannu a hankali. A shagon kuma a faɗa wa mai kaya a fili cewa tataccen ruwa ake so, ba mai asid ba, don duka biyun a kwalba suke zuwa. Bayan an ƙara a mayar da murafun, a tabbatar ƙananan hujojin da ke jikinsu ba su toshe da ƙura ba, ta nan batir yake numfashi.

Batirin da aka rufe ruf daga kamfani ba a ɓalle shi. Da yawansu suna da ɗan ido na gilashi a sama, kuma ma'anar kowane launi tana rubuce a jikin batirin. Idan idon ya nuna ruwa ya yi ƙasa, kada a yi masa caji.

A goge saman batirin. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin asid takan zama hanyar da wuta ke zurarewa daga wannan kai zuwa wancan. Farin garin nan ko shuɗi da ke taruwa a kan batir kuwa, ruwan kanwa yana wanke shi tas, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a bari ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan.

Wurin caji ya zama mai iska: rumfa, ko inuwar tsakar gida, ko gareji a buɗe. Ban da ɗakin kwana, ban da shagon da za a ja wa ƙofar ƙarfe a kulle har safe. A nisanta da risho, da kurfoti, da kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da mai shan taba, da mai walda. Ƙasan ya zama busasshe, musamman da damina. Za ku ga makanikai suna ɗora batir a kan katako, suna cewa siminti yana shanye wuta. Wannan magana gadon zamanin da ne, lokacin da ake yin akwatin batir da katako ko wata roba mai tsotsar danshi. Akwatin yanzu ba ya haka. Amma katakon ba ya cutar da komai, yana ma kare daɓe daga asid, don haka ba abin jayayya ba ne.

A cire zobe, da agogon ƙarfe, da awarwaro. Bolt 12 ba ya jan mutum ta busasshiyar fata, kuma wannan ne ke sa a raina shi. Amma batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kuma idan zobe ko sifana ta haɗa kawunan biyu, ƙarfen yakan yi ja nan take ya ƙone yatsa har ƙashi. A sa tabarau, ko da irin na masu babur ne, a ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa.

Caja da lissafinta

Kafin a sa kowace caja a soket a karanta ɗan allon da ke jikinta. Wutar gida a Najeriya, da Nijar, da Gana, da Kamaru tana tsakanin bolt 220 da 240. A Amurka 120 ce, kuma cikin kayan hannu da ake shigowa da su akwai cajojin da aka yi don can kaɗai. Irin wannan idan ta sha wutarmu ƙonewa take yi. A duba wayarta ma. Wadda ta ɓare, ko aka yanke kanta ana cusa tsirarun wayoyi cikin soket da tsinken ashana, a gyara ta tukuna. Wutar batir tana ƙonawa, ta soket kuwa kashewa take yi.

Caja iri biyu ce. Akwai tsohuwar mai nauyi, mai allura a gaba, wadda ba ta san batir ya cika ba, tana ta turawa har sai an kashe ta. Akwai kuma ta zamani mai rage wuta da kanta, ta tsaya idan ya cika. Ga mai mota ɗaya a gida, wanda ba zai zauna gadin allura ba, ta zamanin ta fi, ko da ta ɗan fi tsada. Tsohuwar tana da ranarta: batirin da ya sauka ƙasa ƙwarai, wasu cajojin zamani ba sa ma gane an ɗaura shi.

Yawancinsu suna da maɓallin zaɓen bolt, 6 ko 12 ko 24. Ƙananan motoci sun bar bolt 6 tun wajen shekarun 1950, yanzu 12 ce. Manyan motoci irin su tirela da tifa suna aiki da 24, amma batura biyu ne masu 12 aka jera, kuma idan aka raba su kowanne a 12 ake yi masa caji. Kuskuren sa 24 a kan batir ɗaya yana tafasa shi cikin ɗan lokaci. Idan an rubuta AGM ko GEL a jikin batir, a zaɓi wannan a caja. Batirin litiyam kuwa cajarsa daban ce.

Sai yawan wutar da za a tura, wato amfiya, mai alamar A. A jikin kowane batir akwai lamba mai Ah a gabanta, misali 60Ah, ko 75Ah, ko 100Ah, ita ce girman cikinsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a raba wannan lamba gida goma. Batir mai 60Ah, amfiya 6. Mai 100Ah, amfiya 10. Na babur, mai 5Ah ko 7Ah, bai wuce rabin amfiya zuwa ɗaya ba, shi ya sa babbar cajar mota take dafa shi. Batir kamar tulu ne mai ƙaramin baki, idan aka kwara masa bokiti gaba ɗaya, rabi a ƙasa zai ƙare. Wutar da ya kasa sha ita ce take zama zafi da haidirojin.

Ga lissafin lokaci. Batir mai 60Ah da mita ta nuna 12.2 ya rasa rabinsa, wato 30. A raba 30 da amfiya 6, an sami awa 5. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda wutar da ke ɓacewa a zafi, ya zama awa 6. Tun da kuma batir yana rage sha idan ya kusa cika, a sa ran awa 7 zuwa 8. Wanda ya ƙare ƙarƙaf zai ci awa 12 ko fiye. Wasu cajoji suna da maɓallin gaggawa mai tura amfiya 30 ko 50. Zai tayar da mota, amma yawan amfani da shi yana tauye ran batir. Sauri yakan haifi nawa.

Ɗaurawa da cirewa

Wannan ne gurbin da ya fi kowanne muhimmanci a darasin, domin sau da yawa fashewar batir a lokacin ɗaura waya ko cire ta take faruwa. Dalili kuwa ɗaya ne: duk wayar da aka haɗa ko aka raba alhali wuta tana gudana a cikinta, sai ta yi tartsatsi. Dabarar gaba ɗaya ita ce hannu kada ya taɓa bakin waya a kan batir sai caja tana kashe.

A gane kawunan biyu tukuna. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), kuma ya ɗan fi kauri. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (−). Kada a dogara da launin wayoyin mota, don mai wayarin yana iya canja su da abin da ya samu. Alamar da ke jikin batir ita ce shaida.

Idan za a sauke batirin daga mota, a kashe inji da fitilu, a zare makulli, a fara kwance kan −. Ga hikimar: kan − a haɗe yake da ƙarfen jikin mota baki ɗaya. Idan aka fara da kan +, sifana ta goga jikin mota, an haɗa kawunan biyu ke nan. Idan kuwa an riga an cire −, ko sifana ta taɓa ƙarfe babu abin da zai faru. Wajen mayarwa sai a juya, + da farko, − a ƙarshe. A ɗauki batir a miƙe, kada a rungume shi a ƙirji.

Yanzu caja tana kashe, ba a sa ta a soket ba. A cafke kan + da jar waya, a cafke kan − da baƙa, a ɗan murza bakin kowacce ya kama dalma sosai. A ajiye cajar nesa iyakar tsawon wayoyinta, ba a kan batir ba, ba kuma a ƙarƙashinsa ba. A zaɓi bolt da amfiya. Sai a ƙarshe a sa ta a soket a kunna.

Idan batirin yana cikin mota aka yi cajin, bonet ya zauna a buɗe, jar waya a kan +, baƙar kuma a wani ƙarfe mai kauri marar fenti a jikin inji, nesa da batir da bututun mai. Ko da tartsatsi ya tashi, ya tashi can. Motocin zamani da yawa ma suna da wurin da aka tanada don haka, littafin motar yana nuna shi.

Wajen cirewa a bi hanyar a koma da baya. A kashe a soket, a zare filogi, a dakata 'yan mintoci iskar ta watse, domin a ƙarshen caji ne haidirojin ya fi yawa. Sannan a cire baƙar waya, sannan ja.

Akwai gwaje-gwaje uku da ya kamata a daina. Na farko, buga bakin wayoyin caja da juna a ga ko tana kawo wuta. Na biyu, goga waya a kawunan batir a ga ƙarfin tartsatsi, wanda yin sa a kan batirin da ya sauko daga caji kiran fashewa ne kai tsaye. Na uku, cire kan batir inji yana aiki don a gwada alteneta. A tsofaffin motoci an sha yi an zauna lafiya, a motar da ke da kwamfuta kuwa yana iya ƙone ta, kuma kuɗinta ya ninka na batir. Ƙaramar mita tana yin duka ukun. Idan inji yana aiki, lafiyayyar alteneta tana nuna tsakanin 13.8 da 14.5 a kan batir.

Ana cikin caji

A riƙa leƙawa. A ɗora bayan hannu a gefen batir, ɗumi ba laifi ba ne, amma idan ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, wato ya doshi digiri 50, a kashe a bari ya huce. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40 a inuwa, tazarar ba ta da yawa, don haka a yi caji da sassafe ko da yamma, a kuma rage amfiya. Idan aka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko tafasar ta yi ƙarfi, a kashe daga soket, a matsa nesa.

Idan aka ɗauke wuta, a zare filogi. Ba a san lokacin da za a dawo da ita ba, ba a kuma san da ƙarfin da za ta dawo ba, kuma tsohuwar caja za ta ci gaba da turawa kowa yana barci. Mai amfani da janareta ya bar shi a waje, nesa da batir, saboda tartsatsi da kuma hayaƙinsa mai kisa. Ƙananan janaretoci da yawa suna da wata kafa mai bolt 12 ta cajin batir. Mafi yawansu ba sa rage wuta idan ya cika, gara a sa caja a soket ɗin janaretan.

Allurar tsohuwar caja takan fara a sama ta yi ta sauka. Idan ta sauka ƙasa ta tsaya, batir ya cika. Mita a wannan lokaci za ta nuna 13 ko fiye, amma wannan ba gaskiyarsa ba ce, sai ya huta 'yan sa'o'i. Idan bayan hutun ya tsaya a 12.6, madalla. Idan ya faɗo wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, kuma babu cajin da zai tashe shi.

Asid da dalma

Idan asid ya fantsama a ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, da buta ko ruwan leda ko duk abin da ke kusa, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. Ba a sa kanwa a ido, ba a sa madara ko manja. A fata ma ruwa ne mai yawa, a kuma tuɓe rigar da ta jiƙe. Wanda ya zuba a ƙasa shi ne ake barbaɗa wa kanwa.

Mataccen batir ba a fasa shi a gida. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ko da yake can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. A Thiaroye, wata unguwa a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, daga batura ta fito kai tsaye: tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a inda aka daɗe ana fasa tsofaffin batura ana narka dalmarsu. A kai tsohon batir wurin mai sayar da sabo da ruwansa a ciki, yawanci ma ana rage kuɗi a kansa. Bayan kowane aiki da batir a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.

Tambayoyi

1. Batir mai 75Ah, amfiya nawa ya kamata a ba shi? Idan mita ta nuna 12.2, kimanin awa nawa zai ɗauka?
2. Me ya sa ake fara kwance kan − idan za a sauke batir daga mota?
3. Wani ya gama caji, ya cire jar waya caja tana kunne. Wane haɗari ya jefa kansa a ciki, kuma yaya ya kamata ya yi?
4. Ku duba batirin wata mota ko babur a unguwarku, ku rubuto lambobin da ke jikinsa, da ko mai murafu ne ko rufaffe, ku zo da su aji na gaba.